Riƙau Iri Biyu Ne: Ina Matsayinmu?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, sau da yawa ana laƙaba mana sunan "masu ra'ayin riƙau", har wasu matasanmu sun karɓe shi ba tare da bincike ba. Lalle ne mu san asalin kalma kafin mu yafa ta.

Abin da Larabawa ke kira muhafaza kashi biyu ne a wurin Turawa. Na farko riƙau na al'ada, watau kare aure da iyali da tarbiyya da addini. Na biyu riƙau na siyasa, watau kiyaye tsarin mulkin da aka gada da gudun juyin juya hali, kamar yadda Edmund Burke ya yi kira a Ingila a 1790 lokacin da ya soki juyin Faransa. Sa'an nan akwai 'yan ba-ruwan-hukuma, masu cewa aikin gwamnati shi ne tsare rai da dukiya da alkawari kawai.

Shin waɗannan suna haɗuwa? A Amurka an gwada. A 1962 Frank Meyer, na mujallar National Review, ya ce kirkin da aka yi bisa tilas ba kirki ba ne, saboda haka mai kishin tarbiyya ya bar hukuma ta janye hannunta. A wannan shekara Brent Bozell ya yi masa raddi cewa kirki ne manufa, 'yanci kuwa yana bayansa. Tsoron Tarayyar Sobiyet ya riƙe ƙawancen har Ronald Reagan ya ci zaɓe a 1980. Bayan rushewarta a 1991 ɓaraka ta ƙara fitowa fili. A 2015, da Kotun Ƙolin Amurka ta halatta auren jinsi, masu riƙau na al'ada suka yi tir, da yawa daga 'yan ba-ruwan-hukuma kuwa suka yi na'am.

To, mu fa? Ba mu riƙe abu don tsufansa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta Ihya'us Sunna domin yaƙar bidi'o'in da mutane suka saba da su, kuma jihadin 1804 ya tumɓuke tsarin sarautar da aka gada. Ma'auninmu Alƙur'ani ne da Sunna.

Mun yi tarayya da 'yan ba-ruwan-hukuma a wasu mas'aloli. Suratul Baƙara aya ta 256 ta hana tilasta wa mutum shiga addini, Suratul Hujurati aya ta 12 ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma Annabi (SAW) ya ƙi ƙayyade farashi lokacin da kaya suka yi tsada a Madina. Amma mun rabu da su a kan riba da giya da caca, domin yardar mutum biyu ba ta halatta haram. Hadisin jirgin ruwa da Bukhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir ya isa hujja: idan aka ƙyale na ƙasa suka huda rabonsu, kowa zai nutse.

Saboda haka, kada mu ari rigar da ba a ɗinka dominmu ba. Mu gyara gidajenmu da ilmi da nasiha, mu bar zartar da hukunci ga hukuma.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.