Kaɗanyarmu da Dokar Hana Fitarwa: Jawabin Shugabar Mata a Zaman Wata



Iyayena, yayyena, ƙannena da 'ya'yana na wannan zaure, shugabannin mata na ƙananan hukumomi da na mazaɓu, barkanmu da warhaka. Wannan shi ne jawabin da na gabatar a zamanmu na wata, na rubuto shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Yana da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshe. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, don Allah.

Yau ba maganar rabon atamfa ko taron gangami na zo da ita ba. Maganar kasuwanci tsakanin ƙasa da ƙasa ce, da yadda gwamnati ke sa hannu a ciki. Na san wata za ta ce, Hajiya, ina ruwanmu da wannan, ai zancen masu kwat da jirgin sama ne. To ki bari in kai ki gindin kaɗanya, sai ki faɗa mini ko da ruwanki ko babu.

Ranar 26 ga Agustan 2025, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sanar cewa Shugaba Tinubu ya hana fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya zuwa ƙasashen waje na tsawon wata shida. Hujjar da gwamnati ta kawo ita ce: Najeriya ce ke samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗanyar duniya, amma abin da ke shigo mana daga kasuwar da ta kai dala biliyan 6.5 bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Dalili kuwa a fili yake. Mu muna sayar da ƙwallo a buhu, su kuma can su matse mai, su zuba a cakulan, su zuba a man shafawa da sabulu da jan baki, su dawo mana da shi cikin 'yar kwalba mai ƙyalli a kan kuɗin da ya fi na tiya goma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma wani dalilin da ba kowa ya ji ba. Tun 2024 Burkina Faso da Mali suka hana fitar da tasu kaɗanyar, daga baya Kodebuwa da Togo suka bi sahu. Da ƙofofi suka rufu a can, sai masu saye daga waje suka kwararo mana, suna bin kasuwannin ƙauye a Neja da Kwara da Kebbi suna kwashewa. Farashi ya tashi, masana'antun matse mai na cikin gida suka rasa abin aiki, ita kanta gwamnati ta ce da yawansu ko rabin ƙarfinsu ba sa yi. Don haka kada wata ta ce an yi dokar ba gaira ba dalili. Niyyar a yi aikin a gida, a ɗauki 'ya'yanmu aiki, riba ta zauna a nan, wallahi ba wanda zai ƙi ta.

Amma wa ke tsintar kaɗanya?

Ministan noma da bakinsa ya ce kashi 90 cikin 100 na masu tsinta mata ne. Mu ai ba sai an gaya mana ba. Mace ce ke fita da asuba a cikin damina, raɓa har gwiwa, ta shiga daji da kwando, ga maciji a ƙarƙashin ganye, ga halin da dazuzzukanmu ke ciki yanzu na rashin tsaro. Ta dawo ta cire tsoka, ta tafasa, ta shanya, hadari ya taso ta kwashe, rana ta fito ta sake bazawa. Sannan ta fasa ta sheƙe. Wata biyu, wata uku tana wannan, ba gona ce tata ba, ba jari ta ci bashi ba, ƙarfinta ne kawai da bishiyar da Allah Ya shuka. Da kuɗin nan take sayen kayan ɗakin 'yarta, da shi take biyan kuɗin Islamiyya, da shi take riƙe gida a watannin da rumbu ya yi ƙasa kafin sabon hatsi ya shigo.

Dokar ta sauka ne daidai lokacin da ta gama wannan wahalar, ƙwallo ya bushe, an fara kai wa kasuwa. Cikin 'yan kwanaki kafafen labarai suka ruwaito farashi ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ku yi lissafin da kanku. Wadda ta tara buhu uku, kamar an shigo ɗakinta an ɗauke ɗaya ne. Ba ta ji sanarwa ba, ba a tambaye ta ba, dillali ne ya gaya mata a bakin kasuwa, shi ma yana murna a ciki don zai saya da araha ya ɓoye.

Ga yadda abin yake tafiya, don mu fahimce shi da kyau mu iya bayani a gaban kowa. In masu saye goma ne a kasuwa, kowa na ƙara wa ɗan'uwansa, mai kaya ce sarauniya. In doka ta kori bakwai, ukun da suka rage su ke yanka farashi, ke kuma ba ki da ɗakin ajiya, ba ki da haƙurin jira don yaro na kwance ba lafiya. Saboda haka kuɗin da ya fita daga hannun mai tsinta bai ɓace ba, hannu ya canja. Ya koma wurin mai masana'anta da mai jarin ɓoyewa. In kuma farashin tsallaken iyaka ya fi na gida, ɗan fasa-ƙwauri ya samu sana'a. Gaskiya ɗaya da zan faɗa: 'yan'uwanmu masu yin man kaɗe a gida, masu soyawa da niƙa da kwaɓawa, su sun ɗan samu sauƙin ƙwallo. Wannan alheri ne. Amma masu tsinta sun fi su yawa nesa ba kusa ba, kuma su ne suka fi rauni.

Mun taɓa ganin irin wannan a shinkafa, ta ɗaya gefen. Can shigowa aka hana, nan fita. A 2013 gwamnatin Jonathan ta kai kuɗin fiton shinkafar waje kashi 110 cikin 100, sai jiragen ruwa suka karkata Kwatano, shinkafar Tailan da Indiya ta riƙa shigo mana a kan babura da tsofaffin motoci ta Jibiya da Illela da Kamba. A Yunin 2015 Babban Banki ya hana ba da dala ga masu shigo da kaya iri 41, har da shinkafa. A Nuwamban shekarar Shugaba Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Kebbi. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020, su Jibiya da Kamba ma sai 2022. Abin mamaki, makonni kaɗan kafin rufewar ne Najeriya ta sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar kasuwanci ba shinge ta Afirka. Hannun dama na buɗewa, na hagu na sa kwaɗo.

An samu amfani? An samu. Noman shinkafa ya bunƙasa a Kebbi da Kano da Jigawa, injinan casa suka tashi, 'yar gida ta daina tsakuwa, matan da ke turara shinkafa suna shanya suka samu ciniki. Wanda ya ce ba a yi komai ba bai yi adalci ba. An sha wahala? Ku tambayi matan Maigatari da Jibiya da Illela. Mai kai tabarma da yaji da daddawa tsallake ta dawo da dabino da cuku, ba shinkafa take ɗauka ba, amma ita ma ƙofar ta rufe da ita. Har fetur aka hana kai wa gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, niƙa ta yi tsada, kuɗin mota ya ninka. Suna cikin farfaɗowa, juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sa aka sake rufewa har zuwa Maris 2024.

Sai kuma aka juya. Oktoban 2023 Babban Banki ya janye hanin dala. Yulin 2024, da yunwa ta yi yawa, buhun shinkafa ya wuce dubu tamanin, aka sanar da ɗage kuɗin fito na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, bisa sharuɗɗan da sai manyan kamfanoni ke iya cikawa. Abinci ya sauko, uwar gida a birni ta yi hamdala, ni ma na yi. Manomin da ya sayi taki da tsada kuma yana can yana kuka, ya sayar da amfaninsa bai mayar da abin da ya kashe ba. Kowace ɗaya daga cikinmu tana da ɗan'uwa a gona da tukunya a kan murhu, don haka duka biyun jikinmu suke taɓawa.

Kun ga na ambaci gwamnatoci uku, ba jam'iyya ɗaya ba. Duk wanda ya hau kujerar nan sai ya taɓa iyaka. Ba mu kaɗai ba ne kuma. Indiya ta hana fitar da farar shinkafarta a Yulin 2023 don ta kare talakanta, farashi ya tashi a duniya har ya same mu. Amurka da ke koya wa mutane buɗe kasuwa, a 2025 Trump ya ɗora wa kayan ƙasashe haraji, namu ma bai tsira ba. A Islamiyya ma an karantar da mu cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya ji ana karɓar ushiri daga fataken Musulmi a wasu ƙasashe, sai ya sa a karɓi kwatankwacinsa daga nasu fataken. Saboda haka ni ban ce gwamnati ta naɗe hannu ba. Ƙasar da ta bar ƙofarta a buɗe ba mai gadi, ta tafi Kakuri a Kaduna ta ga masaƙun da suka ciyar da dubban gidaje yadda suka koma kufai, ta zo Kantin Kwari ta ƙirga atamfa nawa ce saƙar gida. Abin da nake cewa shi ne ba a fafe gora ranar tafiya. In za ka hana mace sayar wa baƙo, to ka tanadar mata ɗan gida da zai saya da daraja kafin ka rufe ƙofa.

An tsara wata shidan nan su cika a ƙarshen Fabrairun 2026. A irin wannan lokacin ne ake zama a yanke ko a ƙara ko a janye. Masu masana'antu suna da ƙungiya, masu fitar da kaya suna da ƙungiya da lauyoyi, kowa zai kai takardarsa Abuja. Mai tsinta fa? In mu da muke da kati, muke da wakilai a majalisa, ba mu yi magana ba, wa zai yi? Matar da ke shugabantar hukumar kasuwanci ta duniya tun 2021, Ngozi Okonjo-Iweala, 'yar ƙasar nan ce. Mace na zaune a can ƙololuwa, bai kamata a rasa muryar mace a gindin bishiya ba.

Abin da nake so mu kai wa 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya, da duk ɗan takarar da zai zo neman mu, ga shi. In za a ci gaba da dokar, a sa mafi ƙarancin farashin da masana'anta za ta saya, a sanar da shi a rediyo da Hausa da Nufanci da Yarbanci da Fulatanci kafin kaɗanya ta fara zuba, ba bayan an shanya ba. A ba ƙungiyoyin mata injin fasawa da na niƙa da wurin shanya mai tsabta, domin ribar tana cikin mai, kuma ƙwallon da ya yi fumfuna ko ya sha hayaƙi ba ya daraja a ko'ina. A kawo takalmin roba da safar hannu, a ajiye maganin sarar maciji a asibitocin karkara. Sannan a dubi masu sare kaɗanya suna gawayi. Bishiyar nan tana shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin ta fara 'ya'ya, mutum ya kayar da ita da yamma ɗaya don buhun gawayi. In aka ci gaba a haka, nan gaba ba abin da za a hana fitarwa. Kuma duk kwamitin da za a kafa, a sa mace mai tsinta a ciki, wadda ta san nauyin kwando, ba matar wani babba ba.

Na san wani zai ce shugabar mata ta fara tsoma baki a abin da ya fi ƙarfinta. Ku ce masa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mu ke bin layi tun safe ranar zaɓe, goyo a baya.

Yanzu aiki. Kowace shugabar mazaɓa da ake tsintar kaɗanya a yankinta ta zauna da mata, ta rubuto mana sunan kasuwar ƙauyen, nawa ake sayar da tiya ko mudu kafin ƙarshen Agusta, nawa ake sayarwa yanzu, mata nawa ke tsinta, nawa ke yin mai, da ko akwai injin niƙa kusa. Waɗanda ke garuruwan iyaka su rubuto irin kayan da mata ke kai wa tsallake da shingaye nawa suke biya a hanya. Gaskiya kawai muke so, kada a ƙara gishiri, don in aka kama mu da ƙari ɗaya za a watsar da sauran. A miƙa wa shugabar ƙaramar hukuma, ita kuma ta kawo wa sakatariya kafin zamanmu na gaba. Wadda rubutu ke mata wuya ta turo saƙon murya.

Ba fom ba ne, ba tallafi ba ne, ba a biyan ko sisi. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ko lambar BVN da sunan wannan aikin, ki sanar da ni kai tsaye.

Allah Ya yi mana jagora. Wassalamu alaikum.

Taku,
Shugabar Mata