Meshi: Yadda Wayifai Zai Kai Kowane Sashe na Gida, Kallo Ya Daina Tsayawa Yana Lodin

Waɗanda ba su samu damar saurare ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar wayifai za mu yi. Na san wani zai ce, to shirin da aka saba jin batun aikin yi da karatu da katin zaɓe, me ya kawo zancen rawuta? Ku bi ni a hankali. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Tun daga nan gidaje da yawa suka gane cewa mutum goma a gida ɗaya, kowa yana sayen tasa datar, asara ce. Sai aka haɗa kuɗi aka sayi rawuta guda. Madalla. Amma ina aka ajiye ta? A falon maigida. A falo sabis ya cika fal, a zaure samari suna ɗan lasa, amma da ka shiga cikin gida, sashen mata, shiru kake ji. Yarinyar da ke shirin JAMB sai ta zo ta rakuɓe jikin tagar falo kafin bidiyon darasi ya buɗe. Da kuɗin kowa aka saya, amma wanda ɗakinsa ya fi kusa shi ke mora. Kun ga ashe maganar ta wuce ta na'ura, akwai adalci a ciki.

Maganin da za mu duba shi ne tsarin da ake kira meshi, ma'anarsa raga. Amma kafin kowa ya fitar da ko kwabo, ku riƙe wannan: meshi ba ya ƙara ƙarfin intanet ɗin da ke shigowa gidanku. Rarraba shi kawai yake yi. Idan tanki babu ruwa, ko famfo goma ka ja, iska za su busa maka. Don haka a fara da gwaji. Ka tsaya gab da rawuta, ka buɗe fast.com ko manhajar Speedtest, ka rubuta lambar da ta fito. Sannan ka je ɗakin da ake kuka da shi ka sake gwadawa. Ka yi da safe, ka kuma yi bayan isha'i lokacin da gari duk ya hau intanet. In a gindin rawuta ka ga megabit 30, a can ciki kuma 2, to meshi zai yi maka magani. In kuwa a gindin nata ma 2 ɗin ne, matsalarka daga waje take. Ka kai rawutar bakin taga, ko ka gwada sim na wani kamfani, ko ka nemi faiba in ta iso unguwarku. Masu hali suna sa Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023. Shi ma ɗin, in gidan babba ne, sai an rarraba.

To wai ƙarfi nawa kallo ke buƙata? Bai kai yadda mutane ke zato ba. Netflix da kansu sun ce megabit 3 a daƙiƙa ya isa hoton 720p, megabit 5 ya isa 1080p, 15 kuma na 4K. Mu yi lissafi. Baba yana kallon tafsiri a talabijin, su Mama suna kan Labarina ko Izzar So a YouTube, ƙaninka yana kallon ƙwallo. Biyar sau uku, 15 kenan. Ka ƙara masu WhatsApp da TikTok, megabit 25 zuwa 30 ya riƙe gidan. Ashe a gidaje da yawa ba ƙarancin intanet ke sa fim ya tsaya da'irar nan tana juyawa ba. Intanet ɗin ne ba ya isa inda mai kallo yake.

Me ke tare shi? Wayifai igiyar rediyo ce, kuma yawancin rawutoci a kan zango biyu suke watsawa: gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na 2.4 yana tafiya nesa, yana ratsa bango, amma ba shi da sauri, ga cunkoso, don rawutocin maƙwabta da Bluetooth duk a nan suke. Na 5 yana da gudu sosai, shi ne na kallo, amma bango ɗaya biyu ya galabaita. Yanzu dubi irin gininmu: bulo na siminti, dekin mai rodi a ciki, ƙofofin ƙarfe, rufin kwano, ga tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango, ga tankin ruwa a tsakar gida, ruwa kuma yana shanye wannan igiya. Faɗin filin da ake rubutawa a jikin kwali cewa na'ura za ta mamaye, kada ya ruɗe ku. A Amurka gidaje da yawa da katako da allon filasta ake raba ɗakuna. Mu a nan, bango za ka ƙirga, ba mita ba.

Wani zai ce ai akwai ƙaramar na'urar nan mai arha da ake maƙalawa a soket, ekistenda. E akwai. Sai dai yawancinsu da rediyo ɗaya suke karɓa kuma suke miƙawa, saboda haka gudun yakan ragu kusan rabi. Sau da yawa kuma suna daban take fitowa da shi, wayarka ta liƙe wa na falo ko da ka kai ƙuryar gida, sai ka canza da hannu. Meshi kuwa uwa ce da 'ya'yanta. Uwar tana haɗe da intanet, 'ya'yan suna warwatse a gida, dukkansu suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya, suna magana da juna. Kana tafiya da waya daga zaure zuwa kicin, ita da kanta za ta koma kan wanda ya fi kusa.

Yauwa, mu zo kan haɗawa. Ba sai an kira injiniya ba. Ka ɗauki uwar, ka jona ta da waya a bayan rawutar da kamfani ya ba ka. A nan akwai abin lura ga masu ƙaramar MiFi ta aljihu: yawancinsu ba su da ramin waya, sai an samu rawuta mai sim wadda take da rami. Ka sauke manhajar kamfanin da ya ƙera meshin, ita za ta ja ka mataki mataki, ka sa suna da kalmar sirri. Bayan nan ka shiga setin tsohuwar rawutar ka kashe nata wayifan, don kada su riƙa hayaniya da juna. In ka ga wasu abubuwa suna gardama, kamar waya ta kasa ganin talabijin, ka duba manhajar. Akwai zaɓin da zai mai da meshin mai watsawa kawai, ya bar wa rawutar kamfani aikin raba adireshi. Shugaba biyu a gida ɗaya, kun san sauran.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wurin ajiye 'ya'yan. Mutum zai ɗauki ɗan ya kai shi cikin ɗakin da babu sabis, ya ce ai nan ake buƙata. To shi ɗan daga ina zai samo abin da zai bayar? Ku tuna yadda leburori ke miƙa bulo hannu da hannu a wurin gini. Na tsakiya dole hannunsa ya kai ga na baya, ya kuma kai ga na gaba. Haka ɗan meshi. A ajiye shi tsakanin uwa da ɗakin da ke da matsala, inda har yanzu sabis ɗin uwar yake da ƙarfi. Kada bango ya wuce ɗaya ko biyu a tsakaninsu. A ɗora shi sama, kan kanta ko saman kabad, a sarari. Ban da bayan talabijin, ban da cikin durowa, ban da jikin firji ko madubi, ban da inda rana za ta gasa shi. Kuma gidajenmu suna da wata baiwa: tsakar gida. Igiyar da ta sha wuya a bango, a fili gudu take. In uwa tana tagar da ke kallon tsakar gida, ɗan ma yana tagar sashen da ke fuskantarta, kun gama rabin aiki.

In kuma ana son abin ya zauna daram, a ja waya. Wayar intanet samfurin Cat5e ko Cat6 tana ɗaukar gigabit ɗaya har tsawon mita 100. A ja ta daga uwa zuwa ɗa, a sa ta cikin bututun roba saboda rana da ɓera. Da zarar an yi haka, bango da dekin sun daina shiga tsakaninsu, kuma duk ƙarfin rediyon ɗan ya koma kan wayoyinku. Mai gidan sama, wannan ita ce hanyarka. Talabijin ma in tana kusa da ɗaya daga cikinsu, jona ta da waya, ka rage wa iska kaya.

Sai wuta. Kowane ɗa yana buƙatar tasa, kuma in ta uwar ko ta rawutar kamfani ta ɗauke, gida duka ya mutu. Abin daɗin shi ne ba su da ci. Yawancinsu bolt 9 ko 12 suke amfani da shi, abin da suke ja kuma bai taka kara ya karya ba. Akwai ƙananan batura da ake sayarwa musamman don rawuta, suna riƙe ta awanni. A duba lambar da ke jikin cajar kafin a saya, ta dace. Mai sola ko inbata kuma ya tabbata soket ɗin da ya zaɓa yana kan layin.

Yanzu ga abin da masu talla ba za su faɗa muku ba. Ranar da kallo ya daina tsayawa, ranar data za ta fara gudu. Manhajojin kallo in sun ga hanya ta buɗe, da kansu suke ɗaga ingancin hoto. Megabit 5 a daƙiƙa, in ka lissafa na awa ɗaya, ya haura gigabait 2. Mutum uku, awa uku kowane dare, an doshi gigabait 20 a rana. Netflix sun ce 4K yana iya cin gigabait 7 a awa. Don haka a waya a sa 480p ko 720p, wallahi a ƙaramin gilashi da ƙyar ido zai bambance. A kashe tsarin nan da bidiyo ke bin bidiyo da kansa. Kuma tsarin da aka ce muku ba shi da iyaka, ku karanta sharuɗɗansa, don da yawa in an kai wani adadi sai a rage gudu. Wata dabara: meshi yana aiki a cikin gida ko babu intanet. In akwai tsohuwar kwamfuta, a sa mata manhaja irin Jellyfin ko Plex, a zuba darussa da karatuttuka da bidiyon bikin gida, kowa ya kalla daga ɗakinsa ba tare da an taɓa data ba. Amma fa ban da finafinan sata. 'Yan Kannywood da kallonmu a tasoshinsu suke biyan ma'aikata.

Tsaro kuma. A setin a zaɓi WPA3 in akwai, in babu WPA2. Kalmar sirri kada ta zama lambar wayar Baba ko sunan auta. Baƙi da abokai a buɗe musu layin baƙi, wanda kusan kowane meshi yake da shi, in ya yaɗu a unguwa a canza shi kaɗai. Akwai kuma wurin sa wa na'urorin yara lokacin barci da toshe shafukan banza. Sai dai ina da magana da wanda manhajar za ta zauna a wayarsa, don yawanci mu matasa ne. Za ka ga duk na'urar da ke kai, kana iya yanke wa kowa. Amana ce aka ba ka, ba sarauta ba. Kada ka mai da ita sandar dukan ƙannenka mata don kun yi faɗa. Doka a zauna a yi ta tare, kowa ya san ta.

Wurin saye, za ku ci karo da TP-Link Deco, Tenda Nova, Google Nest Wifi, Eero, Netgear Orbi. A Kano a leƙa Farm Centre ko Beirut Road, a Abuja Banex. Ku sayi 'yan gida ɗaya, don na kamfanoni daban ba kasafai suke jituwa ba, sai masu alamar EasyMesh. Wi-Fi 5 ya wadatar da yawancin gidaje, Wi-Fi 6 ya fi jure taron na'urori. Ku duba ramin waya, wasu masu arha megabit 100 ne iyakarsu. In na hannu ne, a goge shi a haɗa da wayarku a gabanku kafin ku biya, don wani yana nan ɗaure da asusun mai shi na farko. Cajar ma a karanta, ta nuna tana ɗaukar bolt 100 zuwa 240. Kuma a fara da guda biyu. In sun gaza a ƙara na uku.

Aikin gida na wannan mako: ku zauna, kowa ya faɗi abin da yake kashewa a data a wata, a tara. Sannan a ɗauki takarda a zana gidan, a yi gwajin nan a kowane ɗaki, a rubuta lambobin. Ɗakin da ya fi ƙarancin lamba, a tambayi wa ke kwana a ciki. In ɗaliba ce, ko mai sayar da kaya ta WhatsApp, to daga nan za a fara.

Nan za mu dasa aya. Mai tambaya ya turo, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A tura wa wanda zai amfana.