Sabulun Salo Ko Na Kanti: Me Za Mu Shafa Wa 'Ya'yanmu?



Wataƙila wasu su yi mamakin yadda muka bar manyan batutuwa irin su siyasa da tattalin arziki, muka shigo zauren jami'a da zancen sabulu da man shafawa. Dalilinmu shi ne, yawancin waɗanda ke zaune a nan, in ba su yi aure ba to suna kan hanya, kuma nan ba da daɗewa ba za su sami kansu tsakanin mutum biyu waɗanda duka ba a iya ƙin maganarsu. Ga gwaggo ko kaka ta zo zaman jego daga gida da ƙullin sabulun salo da man kaɗe da tandun kwalli. Ga kuma maigida ya dawo daga kasuwar Sabon Gari da kwandon kayan jarirai, sabulu da hoda da mai kala uku, ya zuba rabin albashinsa a ciki. Kowannensu alheri yake nufi. Jaririn kuwa ba shi da bakin magana, saboda haka tilas wani ya yi tunani a madadinsa.

A tsakaninmu 'yan boko an rabu gida biyu. Akwai masu ganin duk abin da ya fito daga kanti cikin kwali mai ƙyalli shi ne wayewa, akwai kuma masu cewa duk abin da ya fito daga itace ko ƙasa ba ya cutarwa, tunda da shi aka rene mu. Abin da muke so mu nuna a yau shi ne, duka biyun sun tsaya a kan tambayar da ba ta da amfani. Fatar yaro ba ruwanta da asalin abu, abin da ke cikinsa shi ne zai yi mata aiki, ko na gyara ko na ɓarna.

Bari mu fara da ita fatar. Fatar jariri ta fi ta babba sirantaka, tana saurin rasa danshi, kuma idan aka gwada faɗinta da nauyin jikinsa, za a ga ta fi ta babba yawa nesa ba kusa ba. Watau abin da aka shafa masa yana iya ratsawa ya shiga jini fiye da yadda zai yi a jikin uwarsa. Bugu da ƙari, masana suna da wani ma'auni da suke kira pH, wanda ke nuna ko abu ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Ruwa zalla yana kan 7, lafiyayyar fata tana wajen 5.5, sabulu na ainihi kuwa, ko na salo ne ko na kamfani, yana kaiwa 9 zuwa 10. Wannan ɗan tsamin na fata shi ne garkuwarta, kuma yawan cuɗa ta da sabulu da soso yana kankare shi. Duk wanda ya yi hunturu a Samaru ya san abin da iskar Disamba da Janairu ke yi wa fatar babba, balle ta ɗan wata biyu.

To, mu duba kayan gwaggo. Man kaɗe tsantsa, wanda ba a garwaya da komai ba, mai ne nagari mai tsare danshi, kuma ƙasarmu tana cikin waɗanda suka fi kowa arzikin kaɗanya a duniya. Abin kunya ne a ce Turawa suna sayensa daga wajenmu, su zuba kaɗan a kwalba, su dawo mana da shi da tsada muna rububi. Sabulun salo shi ma yana da nasa kirki, domin asalinsa toka ce da mai, ba turare ba rini. Amma fa ruwan toka yana da kaifi, kuma kowace mai dafawa da irin hannunta, babu ma'auni, har wani ƙullin yakan yi zafin da bai dace da sabuwar fata ba. Man zaitun da ake tsarabarsa daga Makka ana shafa wa jarirai, wani bincike da aka buga daga Jami'ar Shefil ta Ingila a 2013 ya nuna yana raunana garkuwar fata ko a jikin manya idan aka daɗe ana shafawa.

Babban abin tsoro a cikin kayan gwaggo shi ne kwalli. Kwallin dutse da muka sani, sau da yawa ma'adinin dalma ne aka niƙa. A 2011, a wani asibitin yara da ke Boston ta Amurka, likitoci suka sami dalma mai yawa a jinin wani jariri ɗan wata 6 wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. Da aka bi sawu, sai aka tarar daga kwallin da ake sa masa ne, wanda aka kai daga nan gida, kuma da aka auna shi, fiye da kashi 82 cikin 100 dalma ce. Yaro yakan murza ido ya kai hannu baki, ta haka gubar ke shiga. Mu a Arewa ba baƙin dalma ba ne, mun ga yadda ta hallaka yara wajen 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Wadda ke shiga kaɗan kaɗan ba ta kisa nan take, sai dai ta dakushe ƙwaƙwalwa a ɓoye, sai yaro ya shiga makaranta a ce ba ya ganewa. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Yanzu mu juya ga kwandon maigida. Akwai abin kirki a ciki. Basilin fari marar turare daga ɗanyen man fetur ake tace shi, amma yana cikin abubuwan da suka fi aminci ga fatar yaro, kuma da wuya a sami abin da ya fi shi maganin kaushi da faso. Haka nan akwai abin wanka na ruwa da aka daidaita ma'auninsa da na fata, wanda ya fi sabulu sauƙi. Sai dai tarihin kayan kanti shi ma yana da nasa makoki. A Faransa a 1972, jarirai 36 suka mutu saboda wata hodar jarirai da aka yi kuskuren zuba mata sinadarin kashe ƙwayoyin cuta mai suna heksakulorofin. Kamfanin Johnson & Johnson ya daina sayar da hodarsa ta dutsen talki a Amurka da Kanada a 2020, sa'an nan a duniya baki ɗaya a 2023, ya koma ta garin sitacin masara, bayan dubban ƙararraki a kotu, ko da yake kamfanin ya nace cewa hodarsa ba ta da illa. Ko ma wace iri ce, ƙurar hoda ba ta dace da huhun jariri ba. Sabulu mai magani da zuba ruwan kashe ƙwayoyin cuta a bahon wanka kullum kuwa, lafiyayyen yaro ba ya bukatarsu.

Akwai wata cuta da za ta nuna mana cewa ɓangarorin biyu suna iya haɗuwa a wajen ɓarna. Yara maza da yawa a Nijeriya ana haihuwarsu da ƙarancin wani sinadari a jini da likitoci ke kira G6PD, kuma ba a gane su da ido. Irin wannan jariri, idan aka ajiye kayansa da kafur, ko aka shafa masa hoda ko mai mai mantaleta, jajayen ƙwayoyin jininsa suna iya farfashewa, shawara mai tsanani ta kama shi, har ta taɓa ƙwaƙwalwa ko ta kurumtar da shi. Lalle ɗin nan namu na ganye, shi ma haka yake yi wa irin wannan yaro. Ɗaya daga masana'anta ya fito, ɗaya daga gona, amma asibiti guda suke kai mutum. Duk jaririn da aka ga idonsa ko jikinsa ya yi ɗorawa a makon farko, a garzaya da shi Shika ko asibiti mafi kusa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Mun zo kan abin da ya fi damunmu, watau shafa wa yara man canza launi. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya, kuma a 2025 BBC ta kawo labarin wata uwa a Kano wadda 'ya'yanta shida suka sami ƙuna da tabo saboda irin waɗannan mayuka. Abin da ke cikinsu galibi uku ne: zaiba mai lalata ƙoda da jijiyoyi, da haidurokwinon, da magungunan sitiroyid masu sirantar da fata, waɗanda ke iya tauye girman yaro. Abin lura shi ne, da yawa daga cikin haɗe-haɗen da ake damawa a bayan shago ana sayar da su ne da sunan na gargajiya ko na itatuwa, har a kan gindin man kaɗe ko sabulun salo ake zuba gubar. Kwalba ce ba suna, ba lamba, ba wanda za a kama. Uwar da ta yi wa 'yarta haka, kafin ta ɓata fatar ta riga ta koya mata cewa halittarta ba ta yi ba. Mu maza kuwa kada mu zame, domin mu ne ke yabon farin jariri ran suna.

To, ina mafita? Kafin a shafa wa yaro kome, a yi tambaya uku. Mene ne a cikinsa? Wa zai amsa idan ya yi ɓarna? Shin yaron yana bukatarsa? Tambaya ta ukun ita za ta rage rabin kwandon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jinkirta wankan farko har sa'a 24 bayan haihuwa, domin farin maiƙon da jariri ke zuwa da shi kariya ne. A makonnin farko ruwan ɗumi ya wadatar, in za a sa sabulu a sa kaɗan marar turare, a ɗauraye sosai. Cibiya kuwa maganinta kuloheksidin, wanda Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta tsara yaɗa shi tun 2016, ban da toka, ban da man goge baki. Da hunturu a shafa man kaɗe tsantsa ko basilin jiki na da sauran laima. Na kanti a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, na gida a saya wajen wadda aka san hannunta. Sabon abu a gwada shi a ɗan wuri a hannu, a jira kwana ɗaya ko biyu. Ƙazuwa da makero kuwa cututtuka ne, maganinsu na wajen likita.

'Yan'uwa ɗalibai, akwai aikin da ya rataya a wuyanmu. Tun 1962 wannan jami'a take a Samaru, tana da tsangayar harhaɗa magunguna da sashen kimiyyar sinadarai, ga kuma cibiyar NARICT nan kusa a Basawa. Mai neman abin da zai yi bincikensa na shekarar ƙarshe a kai, ga kwalli da sabulun salo da haɗin mai a kasuwar Samaru da ta Sabon Gari suna jiran a auna su, a kuma bayyana sakamakon da Hausa yadda mai dafa sabulu za ta amfana.

Sa'an nan mu kula da yadda za mu kai maganar gida. Tsohuwar da ta reni 'ya'ya goma ba za ta karɓi gyara daga wanda ya zo yana kaɗa mata takardar digiri ba, kuma tana da gaskiyarta. A durƙusa a gaishe ta, a karɓi man kaɗenta da godiya, a ce, "Gwaggo, wannan kam ba kamarsa, amma kwallin nan likita ya ce a dakata." In an girmama tara daga cikin kayanta, ba za ta ƙi ajiye na goman ba.

Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya.