Tarbiyyar Yara a Gidajen Maƙwabtanmu Kiristoci

 

An ce mu yi magana a kan tarbiyya, sai muka ga ya kamata mu leƙa gidan maƙwabci. Tun 1916 aka kafa Sabo a nan Ibadan, kuma yau 'ya'yanmu benci ɗaya suke zama a makaranta da 'ya'yan Kiristoci. Idan yaro ya dawo gida yana tambaya, me ya sa abokinsa yake rufe ido kafin ya ci abinci, ya kamata uba ya san amsa. Rashin sani ya fi dare duhu.

To, tarbiyyarsu tun daga suna take farawa. Bayarabe yakan raɗa wa jariri suna a rana ta takwas, ya ce Oluwaseun, wato godiya ga Allah. Inyamuri ya ce Chukwuemeka, wato Allah ya yi babban abu. 'Yan uwanmu Hausawa Kiristoci su ce Godiya ko Alheri. Kun ga duk kiran da aka yi wa yaro, an tuna masa Mahalicci. Katolika da Angilikan suna yi wa jariri baftisma, a samo masa wakilai su yi alkawarin lura da addininsa. Baftis da ECWA kuwa sai yaro ya yi wayo ya nema da bakinsa. Abin da suke yi wa jariri shi ne a kai shi coci a miƙa shi ga Allah, suna koyi da labarin Hannatu da ɗanta Sama'ila a cikin littafinsu.

Amma ginshiƙin abin yana cikin gida. Duk wanda ya taɓa zama gidan haya ɗaya da su ya sani, da sassafe kafin kowa ya fita za ka ji waƙa tana tashi daga ɗaki. Maigida ne ya tara matarsa da 'ya'yansa. A rera waƙa ɗaya, a ba yaro Littafi Mai Tsarki ya karanta 'yan ayoyi, uba ya yi bayani, a yi addu'a, a watse. Abin bai cika wuce kwata ɗaya ba, amma kullum ne. A nan yaro yake haddace Dokoki Goma, waɗanda a cikinsu akwai girmama uwa da uba, da hanin sata da shaidar zur. Ranar Lahadi kuma a sa masa 'yan kuɗi a hannu, shi da kansa zai jefa baiko, don hannunsa ya saba da bayarwa.

Bayan gida sai coci, ita kuma ta raba yara daki-daki. Ƙanana suna makarantar Lahadi, al'adar da Robert Raikes ya yaɗa a Ingila tun 1780. Ɗan Katolika yakan yi karatun katakizim kafin a yarda ya karɓi jibi. Samari suna Boys' Brigade, wadda aka kafa a Glasgow a 1883. Su ne kuke gani da ganguna da bigila suna fareti. Mai murya ya shiga mawaƙa. Kowane yaro dai da aikinsa, kuma idan bai zo ba za a bi sawu har gida.

Wannan ba sabon abu ba ne a garin nan. A 1853 David Hinderer da matarsa Anna suka sauka a Kudeti, kuma da yara suka fara, suna riƙonsu a gida suna koya musu karatu. Can Arewa ma an fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, shi ya sa ɗan Wusasa yake karanta addininsa da harshen uwarsa.

Ba mu ce duk gidajensu haka suke ba. Su ma suna kukan yara masu taurin kai kamar kowa, kuma kowa da addininsa. Amma ita hikima, inda duk ka tsince ta ɗauka ake yi. Sana'armu ta sammako ce, mai goro da mai shanu ba sa jiran rana. Duk da haka malamin makaranta ba zai maye gurbin uba ba. Kafin a ɗauki makullin shago, a zauna da yara ko na minti goma, a ji karatunsu, su ji tsoron Allah daga bakin mahaifinsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kuma mu gargaɗi yaranmu, kada su yi wa ibadar abokansu ba'a, domin zaman lafiya shi ne jarinmu a ƙasar nan.

Allah ya shirya mana zuriya baki ɗaya.