Layin Waya da Sunan Mai Shi



Yau batunmu rajistar layin waya ne, kuma daga kasuwar hatsi ta Dawanau za mu dube shi.

A Dawanau ciniki ya koma waya. Ga dillali tsaye gefen tirela, ana loda buhunan riɗi, idonsa na kan waya yana jiran alat. Alat ya shigo, mota ta tashi. Sai can da yamma a gano ko sisi bai shiga asusu ba. A kira lambar, a ji ta a kashe.

Irin wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar sadarwa ta NCC ta fara rajistar layuka a 2011. A ƙarshen 2020 kuma gwamnatin tarayya ta ce dole a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Kowane layi da mai shi. Kowane layi da hoto da zanen yatsa.

Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Sai dai 'yan damfara sun samu wata kafa. Sukan lallaɓa ɗan dako da 'yan canji, ya ba da NIN ɗinsa, a yanki layi da sunansa. Ranar da asiri ya tonu, shi 'yan sanda za su nema. Wannan ne ya fi damuna.

Ɗan'uwa, kada ka ara wa kowa NIN ɗinka. Kada ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista. Alhaji, kada ka saki kaya sai ka ga kuɗinka a asusu. Hukumomi kuma su bi sawun masu sayar da irin waɗannan layuka har inda suke kasa su.

A nan za mu dakata. Sai wani jiƙon.