Ruwa Ya Janye, Firgici Bai Janye Ba

 

A daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa ya afka wa Maiduguri mutane suna barci. Ruwa ya shiga Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, shekara 30 cif bayan ambaliyar 1994. An ƙirga gidajen da suka rushe, an ƙirga buhunan shinkafa da tabarmin da aka raba. Amma wa ya ƙirga mutanen da har yau, da zarar hadari ya haɗu, gabansu ke faɗuwa, su kwana zaune? A kan waɗannan zan yi magana.

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan hali, shi ya sa ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Idan mutum ya ga mutuwa ƙuru-ƙuru, jikinsa kan saki sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, ya shirya gudun tsira. Wannan rahama ce. Matsalar ita ce, ga wasu, bala'in kan wuce amma jikin ya ƙi yarda ya wuce. Ƙarar yayyafi a kan kwano ko warin laka sai ya mayar da mutum cikin daren nan, kamar yanzu abin ke faruwa.

Mu bambanta abu biyu. Kuka, rashin barci, razana da rashin cin abinci a makonnin farko ba ciwo ba ne, kuma yawancin mutane kan warware da kansu idan sun sami matsuguni da 'yan'uwa a kusa. Amma idan aka haura wata guda mutum na ta mugun mafarki, yana ƙin bin hanyar da abin ya faru, yana zabura da ƙaramin motsi, har ya kasa sana'a ko kula da iyali, to ya zama lalurar da likitoci suka ba suna tun 1980, wato ciwon firgicin bayan bala'i. Sau da yawa yakan zo tare da ciwon damuwa.

A wurinmu ciwon ba ya zuwa da sunansa. Mace ba za ta ce wa ma'aikacin lafiya tana cikin damuwa ba. Cewa za ta yi kanta ya yi nauyi, ƙirjinta na zafi, jikinta ya mutu. Sai a ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro ta koma gida da abinta. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yana yi, a doke shi. Magidancin da jarinsa ya bi ruwa ya zama mafaɗaci, ko saurayi ya faɗa shan ƙwaya don ya sami barci, mu ce tarbiyya ce ta lalace. Ga mutanen Borno kuwa, ruwan ya tarar da tabon da bai warke ba: akwai waɗanda rikicin Boko Haram ya kora, suka fara sabuwar rayuwa, sai ga su kuma a sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan mutum 1 cikin 5 a yankunan da aka yi rikici na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Ku ɗora ambaliya a kan wannan.

Yanzu bari in taɓa inda ke da ƙaiƙayi, malamaina su yi mini afuwa. Muna da jaje, muna da ta'aziyya, muna da “Allah Ya mayar da alheri”. Dukiya ce babba. Sai dai jajenmu gajere ne. Kwana uku, bakwai, in an daɗe arba'in, kowa ya kama gabansa, motocin agaji ma sun juya. Lokacin ne kuwa mutum ke zama shi kaɗai da tunaninsa. Sannan muna amfani da “yi haƙuri” wajen rufe bakin mai son ya amayar da abin da ke cinsa, kamar kuka rashin tawakkali ne. Annabi Yakubu, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. Wanda ya karye a ƙafa mukan yi masa addu'a mu kuma kai shi wurin mai ɗori. Me ya sa karayar zuciya za ta zama daban?

Za ku ce ina likitocin? Gaskiya ne, likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri ko na Kaduna ba za su iya ɗaukar kowa ba, kuma ba kowa ke buƙatar su ba. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, cewa ana iya jinyar marar lafiya cikin jama'a tare da danginsa. A Zimbabwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, kuma bincike ya tabbatar da amfanin hakan. Mu da muke da unguwarzoma, da malaman Islamiyya, da limamai, da fastoci, da masu unguwa, me muka rasa in ba horo ba?

Horon ba mai tsawo ba ne. Taimakon farko na zuciya abu uku ne: ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da abin da yake buƙata. Kada ka tilasta masa ba da labarin abin da ya gani. An gwada hakan, an ga ba ya hana ciwon. Kada a ɗura masa ƙwayoyin barci. A haɗa shi da danginsa, a gaya masa gaskiyar halin da ake ciki, a mayar da yara makaranta da wuri, a taimaka wa mai sana'a ya koma sana'arsa, domin zaman jiran tallafi kansa ciwo ne. Wanda kuwa ya fara maganar kashe kansa, ko ya daina ci da magana, ko yake jin muryoyin da ba wanda ke ji, a garzaya da shi asibiti ranar, ba sai gobe ba.

Ga hukumomi, kirana shi ne: Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta sauko daga takarda zuwa asibitin shan magani na unguwa. Duk tawagar agaji ta tafi da mai wannan horo, kuma a ware kuɗin komawa bayan wata uku, da wata shida, da farkon damina mai zuwa. Abin da ya faru a Mokwa ranar 29 ga Mayu, 2025, inda ruwa ya ci rayuka fiye da 150, ya isa ya gaya mana Alau ba ita ce ta ƙarshe ba.

Ga mu da ke zaune a nan kuwa, aikin bai fi ƙarfinmu ba. Kowannenmu ya san gidan da ya je jaje sau ɗaya bai sake leƙawa ba. Idan hadarin farko ya haɗu bana, ka koma gidan. Ka zauna, ka ce “Yaya barci kwanan nan?”, sannan ka yi shiru ka jira amsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba masu rauni lafiya, na fili da na ɓoye.