RIGA MAI KWALA DA MANJAGARA: JAWABI A TARON SHEKARA NA ƘUNGIYA, TAMBUWAL

 

Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai da suka koyar da mu, shugabannin ƙungiya, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai na Tambuwal da Kebbe da kewaye, ina yi mana barka da wannan rana.

Da sakatare ya tambaye ni a kan me zan yi magana, na ce masa a kan ladubban kulob ɗin golf, wato ƙwallon lambu, sai ya yi dariya ya ce, "Haba ɗan'uwa, ina ruwan mutumin Kebbe da wasan manya?" To ku ba ni aron kunnuwanku, za ku ga ruwanmu a ciki.

Lokacin da aiki ya kai ni birni, wani abokin aikina ya gayyace ni kulob ɗinsu, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Na caɓa ado da kaftanin shadda da hula da takalmi sau-ciki. Muna isa bakin fili mai kula da wurin ya tare ni cikin ladabi, ya ce ba a shiga wasa da wannan shiga. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, Turawa sun tafi tun 1960 amma sun bar mana dokarsu tana korar ɗan ƙasa. Aka ara mini riga mai kwala da wando, na shiga ina ƙunƙuni.

Gaskiya ne wasan baƙo ne. A ƙasar Sikotilan ya girma, kuma a birnin Edinbara aka fara rubuta dokokinsa guda 13 a shekarar 1744. Turawan mulki da na haƙar kuza suka kawo mana shi, shi ya sa tsofaffin filayensa suke wurare irin su Rayfield a Jos, da Kano, da Kaduna, da Ikoyi a Legas. A nan Arewa, saboda ƙarancin ruwa, an daɗe ana shimfiɗa yashi gauraye da mai a kewayen rami maimakon ciyawa. A zamanin mulkin mallaka kuwa, aikin baƙar fata a yawancin waɗannan wurare bai wuce ɗaukar jaka ba. Saboda haka fushina ba a banza yake ba.

Dokar tufafin dai sananniya ce: riga mai kwala a cusa cikin wando, ba jins, ba singileti, ba silifas, kuma a cire hular rana in an shiga ɗakin cin abinci. Wani ɓangarenta yana da dalili, domin hannun babbar riga ba ya barin mutum ya wurga sanda, kuma takalmi mai tsini yana lalata ƙasa. Wani ɓangaren kuwa al'adar masu abin ce kawai, kuma har yau ina ganin babu laifi a sassauta shi.

Amma abin da ya kashe mini jiki ba riga ba ce. Mun zo wani ramin yashi, ƙwallon abokina ta faɗa ciki. Ya shiga ya buga, sannan wannan babban mutum, mai direba da masinja, ya ɗauki manjagara ya share sawun ƙafarsa tas. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ga yara nan ba?" Ya ce doka ce, kowa ya ɓata wuri shi zai gyara wa wanda ke zuwa a baya. Haka in sandarka ta ɓamɓaro ciyawa, sai ka mayar da ita ka danne. In wani zai buga, kowa ya yi tsit, kada ko inuwarka ta faɗa kan hanyar ƙwallonsa. In kana da nawa, ka matsa na bayanka su wuce. Ko neman ƙwallon da ta ɓace an ƙayyade masa lokaci. A da minti 5 ne, daga 2019 aka mayar da shi minti 3, don kada a tsare mutane.

Babbar ladabin duka ita ce gaskiya. A ramuka 18 ɗin nan yawanci babu alƙalin wasa a kanka, kai ne za ka faɗi bugu nawa ka yi. A gasar Amurka ta 1925, wani gwani mai suna Bobby Jones ya ga ƙwallonsa ta motsa kaɗan a cikin ciyawa. Ba wanda ya tabbatar da haka sai shi, amma ya nace sai an ƙara masa bugu ɗaya na tara. Wannan bugu ɗayan ya sa aka yi kunnen doki, aka sake karawa, ya rasa kofin.

'Yan uwa, a nan ne na tuna da makarantarmu. Wa ya manta da fareti na safe, ana duba farce da yunifom da maɓalli? Wa ya manta da langalanga da yankan ciyawa? Muna ganin mugunta ce, ashe malamanmu, ga wasunsu nan zaune Allah Ya ƙara musu lafiya, manjagara suke danƙa mana. Kuma tun kafin su, manomin Kebbe ya san ba a toshe wa maƙwabci hanyar ruwa a fadama.

To mu da muka wuce ta wannan makaranta, mun share sawunmu? Da safen nan na zaga azuzuwa. Na ga ajin da muka zauna babu tagogi, yara suna rubutu a kan gwiwa. A kan waɗancan kujeru muka sassaƙa sunayenmu da ƙusa, muka tafi. Yau mun zo da manyan riguna, amma ma'aji ya shaida mini cewa da yawanmu ba mu biya kuɗin shekara ba. Rigarmu ta cika doka, katinmu ne bai cika ba.

Ina roƙon abu biyu. Na farko, kafin mu tashi kowa ya je wurin ma'aji ya faɗi bashin da ke kansa da bakinsa, ba sai an buɗe littafi ba. Na biyu, kowane rukunin shekara ya ɗauki aji ɗaya ya gyara kafin taro mai zuwa. Rukuninmu ya ɗauki wanda babu tagogi.

Allah Ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.